Mutum nawa ne a Auyo, kuma ƙasar za ta ɗauke su?

Ɗalibin Gatafa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya gare ni a kan ƙaramar hukumar Auyo ta jihar Jigawa. A wata takarda sai ka ga an rubuta mutanenta dubu 132 ne, a wata kuma sun haura dubu 200, kuma kowa cewa yake daga hukuma ya samo. Wanne ne daidai? Sannan don Allah a warware mana yadda aka yi garin da ake cewa ya girmi Haɗejiya ya koma ƙarƙashinta.

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Duka biyun suna da asali, sai dai ɗaya ƙidaya ce, ɗaya kuma ƙiyasi ne, kuma masu kwafa ba sa bambancewa.

Ƙidaya ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta watan Maris na 2006. A cikinta Jigawa ta tashi da mutum miliyan 4 da dubu 300 da 'yan kai, Auyo kuma wajen dubu 132. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Saboda haka duk lambar da ka gani bayan 2006 ba wanda ya bi gida-gida ya ƙirgo ta, a kan tebur aka buga ta.

Ga yadda ake bugawa. Ana ɗaukar adadin 2006, a zaɓi yawan ƙaruwa na shekara, sannan a riƙa ɗora ƙaruwar kowace shekara a kan jimillar shekarar da ta gabace ta. Ga Jigawa an fi amfani da kashi 2.9 cikin ɗari, ga ƙasa baki ɗaya kuma 3.2. Idan ka ninka 132,000 da 1.029 har sau 20, wato daga 2006 zuwa 2026, za ka samu wajen 234,000. Idan 3.2 ka ɗauka sai ka tashi da kusan 248,000. Idan kana ganin ƙaura zuwa birni ta rage mutane ka sauko 2.5, sai ka samu wajen 216,000. Ka ga tsakanin na ƙasa da na sama akwai mutum sama da dubu 30, kuma ba abin da ya kawo wannan tazara sai zaɓin lamba ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi: mutum ya fitar da kashi 2.9 na 132,000, wato 3,828, ya ninka sau 20, ya ɗora a kai. Wannan zai ba shi 208,560, ya zubar da mutum dubu 25. Dalili shi ne 'ya'yan da aka haifa a 2006 yanzu su ma iyaye ne. Hanyar gwaji mai sauri kuwa, ka raba 70 da yawan ƙaruwar, abin da ya fito shi ne shekarun da jama'a za su ninka. Saba'in a raba da 2.9 ya ba da 24, ke nan wajen 2030 Auyo ta ninka yadda take a 2006.

Malamin Tarihi:
Madalla da Mai Lissafi. Ni bari in ɗauki tambaya ta biyu, don ita ce aka fi yi wa kwaskwarima a bakin mutane.

Kafin jihadi babu wata masarauta guda mai suna Haɗejiya da ta haɗe wannan yanki. Ƙananan ƙasashe ne guda bakwai, kowacce da sarkinta: Auyo, Haɗejiya, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa. Dukkansu Barno suke bi, kuma ta hannun Galadiman Barno da ke zaune a Nguru suke kai gaisuwa. Garun Gabas ita ce Biram da ake lissafawa cikin Hausa Bakwai, yau tana cikin ƙaramar hukumar Malam Madori. A wancan zamani Auyo tana cikin masu ƙarfi a bakwai ɗin, Haɗejiya kuwa ba ta fi sauran ba.

Abin da ya juya lamarin shi ne jihadin Shehu Usmanu da ya fara a 1804. Fulanin yankin, ƙarƙashin 'ya'yan Arɗo Abdure, wato Umaru da Sambo, suka karɓi tuta. Auyo na cikin garuruwan da suka fara faɗawa hannunsu. Bayan rasuwar Umaru, Sambo ya karɓi ragama wajen 1808, kuma shi ne ya bar sansaninsu na Rinde ya mayar da fadarsa cikin garin Haɗejiya, ya faɗaɗa ganuwa. Daga ranar sarautar Auyo ta zama ta ɗan gidan sarautar Haɗejiya, ba ta sarki mai cin gashin kansa ba. Amsar tambayarka ke nan a taƙaice: ba wai Haɗejiya ce ta ci Auyo da yaƙi ba, waɗanda suka ci su duka ne suka zaɓi Haɗejiya ta zama mazauninsu.

Kuma kujerar Sarkin Auyo ba ƙaramar kujera ba ce a sabon tsarin. Hujja ita ce abin da ya faru zamanin Sarkin Haɗejiya Buhari, wanda ya hau a 1848. Kashe ɗan'uwansa Nalara, Sarkin Auyo, da ya sa aka yi, shi ne babban abin da ya sa Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi aka naɗa Ahmadu. Buhari bai yarda ba, ya dawo ya ƙwace garin, ya juya wa Sakkwato baya. Rundunar da aka haɗo masa daga masarautu ya tarwatsa ta a Gamon Kafur a 1853, ya ci gaba da mulki har ya rasu a 1863 wajen yaƙi da Badawa a Gogaram. Duk wannan tarzoma da ta girgiza gabashin daular, a kan gawar Sarkin Auyo ta tashi.

Turawa kuwa, Kano suka ci a 1903, amma Haɗejiya sai a Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen daga, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada.

Ɗan Bulama:
Allah ya gafarta Malam, akwai inda na tsaya. Ka ce Garun Gabas tana cikin Hausa Bakwai, to Auyokawa fa? Mu dai mun san Hausawa ne, Hausa suke yi, ba su da wani yare.

Malamin Tarihi:
Yau haka ne, ɗan'uwa, amma da ba haka ba ne. Auyokawa suna da harshensu, kuma ya mutu. Masana harsuna sun sa shi gida ɗaya da Badanci da Ngizimanci, tare da harsunan Shirawa da Tashenawa waɗanda su ma suka ɓace. Wannan ya zo daidai da labarin baka da ke cewa Auyo da Shira da Tashena 'yan'uwa uku ne suka kafa su. Shira tana jihar Bauci yanzu, ƙasar Katagum. Labarin 'yan'uwa uku ba lalle ne a ɗauke shi kamar yadda aka faɗe shi ba, domin irinsa ya yi yawa a tarihin kafuwar garuruwa, kamar dai na maharbi Haɗe da matarsa Jiya da ake cewa su suka kafa Haɗejiya. Abin da yake nunawa shi ne mutanen garuruwan uku sun san asalinsu ɗaya ne, kuma harshe ya gaskata su.

Hausa ta cinye harshen ne a hankali, ta kasuwa da auratayya da karatun allo da sarauta. Ita kanta kalmar bulama da ke cikin sunanka daga Barebari ta zo, can Kano dagaci za ka ji. Wannan yanki bakin iyaka ne tsakanin Hausa da Barno, shi ya sa masarautar ta tara Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa.

Mai Lissafi:
Ƙari a kan wannan, don kada wani ya zo da lamba: ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba. Duk wanda ya rubuta maka cewa kashi kaza na mutanen Auyo Fulani ne, kashi kaza Hausawa, ka tambaye shi inda ya samo.

Hajiya Malamar Asibiti:
Sannunku da ƙoƙari. Ɗana mai tambaya, bari in nuna maka inda wannan lissafi yake taɓa rayuwar mutane, don kada ka ɗauka wasan lambobi ne.

A tsarin rigakafi da awon ciki, daga jimillar jama'a ake yanko kason kowane rukuni. Abin da aka saba amfani da shi: yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4 cikin ɗari, 'yan ƙasa da shekara biyar kashi 20, masu juna biyu kashi 5, matan da ke shekarun haihuwa kashi 22. Idan muka ɗauki 234,000 na Mai Lissafi, jarirai za su kama 9,360 a shekara, 'yan ƙasa da biyar 46,800, masu ciki 11,700. A kan wannan ake neman allurai da sirinji da gidan sauro da katin awo.

Matsalar tana wajen rabawa. Auyo mazaɓu goma ce: Auyo, Auyakayi, Ayama, Ayan, Gamafoi, Gamsarka, Gatafa, Kafur, Tsidir da Unik. Sakamakon 2006 a matakin ƙaramar hukuma ya tsaya, ba a fitar da na gari-gari ba. To sai a ɗauki tsohon kaso a shafa wa kowace mazaɓa ƙaruwa iri ɗaya, alhali ba haka mutane suke yaɗuwa ba. Inda ruwan noman rani ya kai, baƙi suna zuwa su zauna, samari ba sa fita. Inda tudu ne zalla, da an gama girbi gari ya yi shiru.

Alamar cewa lambar da aka ba ka ba daidai ba ce guda biyu ce. Ko dai rahoton asibiti ya nuna an yi wa kashi 130 cikin ɗari na yara allura, wanda ke nufin yaran sun fi abin da aka rubuta yawa, ko kuma ma'aikaci ya zagaye kowane gida bai bar yaro ko ɗaya ba amma takarda ta ce rabi ya yi. Na farkon ya fi haɗari, domin ana ta murna an wuce abin da aka sa gaba alhali akwai rugage da ba a taka ba.

Akwai kuma asara. Kwalbar allurar ƙyanda ta mutum goma ce, ta BCG, wato rigakafin tarin fuka, ta ashirin, kuma da an haɗa su da ruwansu awa shida suke da shi, bayan nan sai zubarwa. Idan aka tura ma'aikaci ƙauyen da aka ce akwai jarirai ashirin ya tarar da shida, ko ya fasa kwalba a yi asarar sauran, ko ya ƙi fasawa iyaye su koma gida ba a yi ba. Maganin abin shi ne ƙirgen gida-gida tare da mai unguwa da ungozoma kafin kowane zagaye, a rubuta kowace ruga da sunan arɗonta, kuma a sake shi sau biyu a shekara, na damina daban na rani daban.

Mai Lissafi:
Hajiya ta taɓo wani abu da ya shafi ita kanta ƙidayar. Ana ƙirga mutum ne a inda aka same shi a kwanakin ƙidaya, ba a garin da ya fito ba. Maris kuwa tsakiyar rani ne. 'Yan ci-rani suna Kano da Legas da Fatakwal, almajirai suna wasu garuruwa, can aka rubuta su. A ɗaya gefen kuma makiyaya sun gangaro fadama da shanu, masu aikin shinkafa da alkama sun shigo. Saboda haka 132,000 hoton Auyo ne na watan Maris. Da a Agusta aka yi, wata lambar za a samu.

Kuma kada a nemi kwatanta ta da ƙidayar 1991 kai tsaye. Jihar Jigawa an yanke ta daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991, amma Auyo ba ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta ba sai a 1996, lokacin da na jihar suka cika 27. Mai son lambar 1991 sai ya bi sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya ya tara waɗanda suke cikin iyakar yau. Rajistar zaɓe ma ba ta maye gurbin ƙidaya: ta 'yan shekara 18 zuwa sama ce, ba a cika goge mamata ba, kuma mutum na iya yin rajista inda ba ya kwana.

Injiniyan Ruwa:
Duk kun yi magana a kan mutane, ni ƙasar zan yi wa magana, domin in ba a fahimci kogin ba ba za a fahimci dalilin da ya sa mutane suka taru a nan ba.

Kogin Haɗejiya haɗuwar kogin Kano ne da kogin Challawa. Ya bi ta Wudil, ya shigo Jigawa ta ƙasar Ringim, ya ratso Miga da Auyo zuwa Haɗejiya, daga nan ya rarrabu cikin dausayin Haɗejiya da Nguru. Abin da ya tsira ya haɗu da kogin Jama'are ya zama Komadugu Yobe, ya nufi tafkin Chadi. Kafin ya iso Auyo ma akwai reshen da ya ɓalle ta kudu, wanda ake kira kogin Kafin Hausa.

Abin lura shi ne ƙasar da yake bi ta canza. A yammaci da kudancin Kano, har Dutse da Birnin Kudu, dutse ne a ƙarƙashi, kogi yana da gaɓa, yana gudu. Daga gabashin Wudil ya shiga shimfiɗar yashi da laka ta kwarin Chadi, inda ba dutse ko na jifan kare, gangara kuma kusan babu. Ruwa ya rage gudu, ya ajiye yashin da ya ɗauko, ya yi ta lanƙwasa yana canza hanya. Wani ya nutse ƙasa, wani rana ta shanye. Shi ya sa a fadamar Auyo rijiyar ban-ruwa ta mita 6 zuwa 12 take ba da ruwan da injin inci biyu ko uku zai ja, alhali a ƙasar dutse sai mai haƙa ya dace da tsaga.

Tsakanin hanyoyin ruwan kuma akwai jigayi, tsofaffin tuddan yashi da iska ta tara tun zamanin da hamada ta sauko har nan, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Daga su jihar ta samo sunanta. A kansu tsofaffin garuruwa suke zaune, fadama na gindinsu. Ruwan sama wajen milimita 600 zuwa 700 ne a shekara, daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a Agusta. Wannan kaɗai gero da wake zai iya riƙewa. Abin da ya sa ƙasar ta ɗauki jama'a fiye da haka, ruwan da ya sauka a kudancin Kano ne yake zuwa ya same su.

Sai aka gina dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974, na Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da su, ita ce kuma ta yi shingen ruwa a nan Auyo wanda ke ɗaga ruwa ya shiga babban kanal na aikin noman rani na kwarin Haɗejiya. Bayan gyara da faɗaɗawa da aka yi da kuɗin Bankin Duniya, an buɗe aikin a farkon 2023, filinsa ya haura hekta dubu biyar.

Baba Manomi:
Injiniya, ka faɗi gaskiya amma ka tsallake rabinta. Ka faɗi abin da dam ya kawo, ba ka faɗi abin da ya ɗauke ba.

Kafin Tiga kogin nan kala biyu gare shi. Da damina ya cika ya malale fadama, ya zuba mata sabuwar laka, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. Da rani ya janye har a taka yashi a ƙetare. Mutum uku ke cin fili ɗaya ba faɗa: mai shinkafa da damina, masunci lokacin da ruwa ke komawa, sannan Bafulatani ya shigo da shanu su ci tattaka su bar taki. Wasu kuma su bi danshin da ruwa ya bari su shuka wake ko rogo ba tare da ban-ruwa ba.

Da aka fara sako ruwa duk shekara, kogi ya daina bushewa, sai kacala, doguwar ciyawar nan mai tsiro cikin ruwa, ta samu gida. Ita ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta cika hanyar ruwa, ruwa ya rage gudu, laka ta kwanta a gindinta, hanya ta cike, ita kuma ta ƙara samun wurin kamawa. Shekara kaɗan sai ka ga inda kwalekwale ke bi ya zama daji. Ruwan da ya rasa hanya ya fasa gefe ya kwanta a gonakin da ba a taɓa sanin su da ruwa ba, can ƙasa kuma wasu suna kukan bai iso su ba. Ga jan-baki da ya mayar da ita ɗakin kwana, ya tashi da asuba ya sauka a kan shinkafa da gero. Ga sauro.

Masu sa mata wuta da rani wahalar banza suke yi, ganye kawai suke ƙonawa, saiwar tana cikin laka, sati uku ta tofo. Yankan da ke kashe ta shi ne a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi guda ƙasa da saman ruwan, yadda kututturen ba zai sha iska ba, kuma a maimaita sau biyu ko uku tana tofowa. Abin da aka yanka a fitar da shi tudu, in an bar shi a ciki ya ruɓe ya zama wata toshiyar. Kuma aikin gayya ne na garuruwan da ke kan hanya ɗaya. Idan na sama suka share na ƙasa ba su share ba, ruwan da aka buɗe wa hanya a kan na ƙasa zai sauka.

Injiniyan Ruwa:
Ranka ya daɗe Baba, ban musa ko ɗaya ba, kacala 'yar dam ce. Inda zan ɗan ja shi ne maganar ambaliya, don kowace shekara ana cewa an saki dam. Idan Tiga ta cika, ruwa ta kan mazubinta yake tsallakowa da kansa, ba wani ne ya murɗa ƙofa ba. Sannan duk rafukan da ke shiga kogin a ƙasa da dam ɗin ba mai riƙe su. Shi ya sa ruwa ke iso Auyo a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, wani lokaci ana rana tsaka ba ko gajimare, kamar yadda aka gani a 2018 da 2020 da 2022. Abin da ya ƙara muni shi ne hanyar da za ta wuce da shi ta cushe, kuma gidaje sun gangaro daga jigawa zuwa inda kakanni ba su taɓa gini ba, don tudun ya cika. Nan maganar yawan jama'a ta dawo.

Jinga ma ana yin ta ba daidai ba. A tara yashi zalla a tsaye kamar katanga, ruwa ya tsotsa ta ƙasa ya fito ta baya, dare ɗaya ta zube. Da laka ake yi, a zuba kamar taƙi ɗaya a daddaɓe kafin a ƙara wani, gindi ya ninka tsayi aƙalla sau huɗu, a bar ciyawa ta kama jikinta. Ramin da aka ɗebi ƙasar kada ya kasance a gindinta. A watan Mayu da Yuni ake duba ramukan ɓera da gara a toshe, ba ranar da ruwa ya iso ba.

Mai Lissafi:
To bari in haɗa maganar Baba da Injiniya da lamba. Faɗin Auyo a alƙaluman da aka fi yaɗawa murabba'in kilomita 512 ne, wato hekta 51,200. A 2006 mutum 258 ke nan a kowane murabba'in kilomita, kowane rai yana da kusan hekta 0.39, kaɗan ya rage ya cika eka ɗaya. Da ƙiyasin 234,000 ya zama mutum 457, kowane rai hekta 0.22, rabin eka da ɗan ɗori. Kuma wannan kafin a cire kogi da garuruwa da hanyoyi da maƙabartu da burtali da abin da kacala ta cinye. Filin aikin noman rani duk girmansa wajen kashi ɗaya cikin goma ne na wannan faɗi.

Baba Manomi:
Wannan lissafi ko ba biro an san shi a wajen rabon gado. Mutum ya rasu ya bar hekta biyu, da mata ɗaya, 'ya'ya maza huɗu, mata biyu, iyayensa sun riga shi. Matar ta ɗauki tumuni, rubu'in hekta ke nan. Saura hekta ɗaya da kashi uku cikin huɗu a raba goma: kowane namiji ya tashi da hekta 0.35, mace rabin haka. A jigawa wannan ba zai ciyar da gida wata huɗu ba. A fadama mai ruwa, inda za a yi shinkafar damina a bi ta da alkama ko wata shinkafar, zai iya riƙe ƙaramin gida. Shi ya sa eka ɗaya a bakin kanal ta fi eka da yawa a tudu daraja, shi ya sa kuma rigimar iyaka da ta burtali duk a can take.

Amma ita ma fadamar tana da sharaɗi. Alkama daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka ta, don ta yi ido cikin sanyin hunturu. Idan ruwan ambaliya ya daɗe bai janye ba, ko shinkafa ta makara, aka kai Janairu, zafin Maris zai same ta tana nono, ƙwaya ta tsotse. Sannan duk inda magudanar fitar da ruwa ta toshe, ruwa ya kwanta rana ta shanye shi, kanwa ce ke tasowa, ka ga fari-fari a saman ƙasa, shuka ta ƙi. Mutane sun fi kula da kanal mai kawo ruwa, sun manta da mai fitarwa.

Malamin Tarihi:
Abin da Baba ya faɗa ya tuna mini da wani juyi da aka taɓa yi ta ɗaya gefen. Lokacin da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, bai bi ta Haɗejiya ko Auyo ba, ta tudu ya bi, ta Malam Madori da Birniwa. Zamanin gyaɗa ne, gyaɗa kuma yashi take so. Sai kanti da 'yan baranda da baƙi suka koma bakin tasha, garuruwan kogi suka zama na baya. Yau gyaɗa ta ja baya, shinkafa ta hau, jama'a sun sake juyowa bakin ruwa. Wanda zai rubuta tarihin yawan mutanen yankin dole ya bi wannan kai-komo.

Ga mai neman tsofaffin lambobi kuma, akwai littattafan haraji na zamanin En'e, amma a yi hattara da su. Magidanta da samarin da suka isa biya ake rubutawa, kuma kowa ya san ana ɓoye samari da shanu in an ji mai ƙirga na tafe. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kano a 1979, daga nan wannan rubutu ma ya tsaya.

Ɗalibin Gatafa:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. To yanzu in zan rubuta, wace lamba zan sa?

Mai Lissafi:
Ka sa biyu, kowacce da shekararta. Ka ce ƙidayar 2006 ta samu wajen mutum 132,000, sannan ka ce idan aka ɗauki ƙaruwar kashi 2.9 a shekara, ƙiyasin 2026 ya kama wajen 234,000. Kada ka rubuta irin 233,817, domin wutsiyar tana sa mai karatu ya zaci an ƙirga. Kuma ka fayyace wace Auyo kake nufi, garin, ko mazaɓar, ko ƙaramar hukumar, don uku ne masu suna ɗaya.

Hajiya Malamar Asibiti:
Ka ƙara da watan da kake magana a kai, ɗana. Ƙauyen da ke da gida ɗari a Yuli, in ruwa ya ci shi a Satumba za ka tarar da rabinsa a makarantar firamare ta garin da ke kan tudu, kuma wasu daga cikinsu ba sa komawa.